Ranar da Inna Ige Ta Wanke Gulbi

Bazara ce, azumi kuma ya faɗo a tsakiyarta. Zafin Birnin Kebbi na shekarar nan, ko a inuwa kike sai ki ji kamar an kifa miki kaskon tuya a ka. Wuta ba ta zama. Ta leƙo da hantsi, kafin azahar ta tafi, wani lokaci a yini a kwana ba a ga ƙyallinta ba. Masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda kowa ya ji kukansu, amma mu masu kifin ado ba wanda ya san ma abin ya taɓa mu.

Sunana Kulu. A Argungu aka haife ni, gidan masunta, aure ya kawo ni Gwadangaji. Sana'ata haɗa akwatin kifi na gilashi, irin wanda ake girkawa a falo, da matatar da ke tsabtace ruwansa, wadda masu saye ke ce wa filta. Na zauna rubuta wannan ne saboda ku 'yan matan da ke zuwa koyo wurina. Kowace ta shigo da waya a hannu, ta nuna mini wani Bature ya haɗa matata kafin shayi ya huce, ta ce, "Anti Kulu, ashe bokiti ne kawai da tiyo biyu." Ban taɓa musa muku ba. Bokiti ne da tiyo biyu. Amma ku ba ni hankalinku in ba ku labarin bokiti guda.

Wurin Maman Tope na koya, wata Bayarabiya da ke sayar da kifin ado a bakin kasuwa. Maigidana mai haɗa tagogin alminiyon ne, shi ke yanka mata gilashi, ni nake kai mata idan aiki ya riƙe shi. Daga kai saƙo na koma riƙe mata gilashi tana shafa gam, daga nan ta ce in riƙa zama. Ta daɗe ba ta bari na taɓa kifi ba. Aikina wankin tsakuwa, da ɗaukar ruwa, da huda roba. Idan na huda ƙofar ta yi faɗi ba ta yi mini faɗa. Sai ta cika robar da ruwa, ta ɗora mini a cinya, ta ci gaba da hirarta da masu saye, in tashi zanena sharkaf. Lokacin ina zuwa makarantar manya da yamma, sau da yawa da jiƙaƙƙen zane nake shiga aji. Da Maman Tope ta tashi komawa garinsu ta bar mini abin yankan gilashi, da bindigar gam, da ƙarafan huda roba. Su ne dai kuke gani a kwandona har yau.

Abin da ya sa shekarar nan ta zama muguwa gare ni shi ne, matata irin tamu rufaffiya ce. Iska ba ta shiga cikinta sai wadda ruwa ya shigo da ita. Idan wuta ta ɗauke ta daɗe, ruwan da ke ciki sai ya tsaya, zafi ya ruɓar da shi, ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wuta na dawowa injin da ke tura ruwan zai tashi ya tura wannan ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati, kifi su sha. Gida bayan gida aka riƙa kirana in zo in kwashe gawa. Wani alhaji ya mai da akwatinsa wurin jera kofuna. Wata malama ta cika nata da ƙasa ta shuka albasa, ta ce wannan aƙalla ba ta jiran wuta. Daga nan na fara sa wa kowace matata ɗan famfo a gindi, da famfo a kowane tiyo, ina koya wa masu gida cewa in wuta ta daɗe su rufe tiyo, su zubar da ruwan ciki kafin su bar inji ya tashi. Dabarar ta yi aiki, amma mutane sun riga sun tsorata, sabon aiki ya yi wuya.

Aiki guda da ya riƙe ni a shekarar shi ne na gidan Hajiya Saratu a Gesse. Tun ƙarshen sanyi ta zo har gida ta same ni. Mahaifinta, Baba Manu, tsohon masunci ne a Argungu. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ta ɗauko shi da mahaifiyarta Inna Ige ta dawo da su wurinta don kusa da asibiti. Ta ce tun da aka kawo shi ba ya da aiki sai kallon bango, abinci ma sai an yi da gaske yake karɓar cokali biyu, ga magani da ba a shan sa sai da abinci a ciki. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta shawarar a sa masa kifi a gabansa. Gidan akwai sola da batir, don haka wuta ba za ta zame mana matsala ba.

Na je da hotunan kifin ado, ja da ruwan ɗorawa masu jela kamar mayafi. Baba Manu yana kishingiɗe a kujera, hannun dama a kwance kan cinya ba ya motsi. Maganarsa tana fita a hankali, amma ana ganewa. Ya daɗe yana duban hoton.

"Wanga kihi na, ko alawar yara?"

Ya tambaye ni ɗiyar wane gida ce ni a Argungu. Da na faɗa masa, ya ce ya san kakana, sun sha jefa homa, ragar kamun kifi, tare.

"To ke kin san kihi. In za ki kawo min, kawo min na gulbinmu. Ƙurungu nika so."

Inna Ige tana gefe tana tsinar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ni dai ban ga amhwanin kihin da ba a sa ma daddawa ba."

Kifin gulbi ba kamar na ado ba ne. Yana da ci, yana da kashi, don haka matatarsa sai babba. Na nemo ɗan duro na roba mai shuɗi, irin mai murfi da zoben ƙarfe da ke matse shi. Abu na farko da za ku koya shi ne sa hanci a shinshina duron. Duron da aka taɓa zuba wa fenti, ko man inji, ko maganin feshin gona, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa, wanki ba ya fitar da shi. Ƙofa biyu ake hudawa, ɗaya a gefe kusa da gindi inda ruwa zai shigo, ɗaya a murfi inda zai fita. Nakan ɗora bututun ƙarfe a garwashi ya yi zafi, in huda ƙofar ta yi ƙanƙanta da gangan, sannan in bi ta da wuƙa kaɗan kaɗan har soket, mahaɗin da tiyo zai kama, ya shiga da ƙyar. Ƙaramar ƙofa ana faɗaɗa ta, babba kuwa sai dai a sake duro. Sai in yanko zobe biyu daga tsohon tiyub na babur, ɗaya ciki ɗaya waje, in ɗaure, in bi da gam ɗin gilashi. Inda wayar inji ke fita ta murfi, nan ne ruwa ya fi son tsiyaya, nan ne kuma masu gaggawa ke mantawa.

Idan gam ya bushe sai gwaji. Nakan baza busasshiyar toka a ƙasa, in cika duron da ruwa, in rufe, in tayar da inji, in ɗora shi a kan tokar in tafi harkokina. Ido yana iya ƙin ganin ɗigo, toka ba ta ɓoyewa. In na dawo na ga ko tabo ɗaya mai duhu, a kwance a sake. Falon mutane za a kai shi, kan kafet, kusa da wayoyin wuta.

Jerin kayan ciki daga ƙasa yake farawa, don ruwan daga ƙasa yake hawa. A gindi nakan kifa ɗan kwandon roba don ruwa ya sami wurin bazuwa. A kansa soson raga irin na wanka, shi ke tare manyan datti. Sai yankin sabuwar katifa, ta tare ƙanana. Sai tsingaro, wato fasassun tukwanen ƙasa, su ne suka fi komai yawa a ciki. Wurin mata masu ginin tukwane nake samo su, waɗanda suka fashe a wurin gashi, ba waɗanda aka taɓa girki da su ba, saboda maiƙo. A sama gawayin ƙirya wankakke cikin ɗan buhun raga, sannan inji a ƙarƙashin murfi yana tura ruwan ya koma akwati. Duron kuma dole ya zauna ƙasa da akwati, don ruwan da kansa yake gangarowa cikinsa.

Saura abu ɗaya da ba a gani a waya. Sabon tsingaro ba ya aikin komai. Sai ya daɗe ruwan kifi yana ratsa shi, ya yi wani santsi mai ruwan ƙasa. A cikin santsin nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dafin da ke fita daga kashin kifi da fitsarinsa. Soso datti kawai yake tarewa, santsin nan shi ne matatar. Shi ya sa duk sabuwar matata nakan ɗebo mata tsohon tsingaro daga tawa ta gida in cakuɗa. Ni iri nake ce masa.

Ƙanen Baba Manu ne ya kawo kifin daga Argungu cikin jarka: ƙurungu ɗaya mai tsawon tafin hannu, da tsaga a jelarsa, da 'yan ƙananan ƙarfasa. Na sa masa wuyan fasasshen tulu a cikin akwatin don ya sami wurin ɓuya. Ana sake shi ya zagaya, ya juya cikinsa sama ya bi ƙarƙashin tulun.

Hajiya Saratu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Baba, ya mutu!"

Baba Manu ya yi dariya har da tari. Inna ta ce rabon da ta ji dariyarsa tun suna gida.

"Ke ɗiyar birni ta," in ji shi. "Ƙurungu haka shika tahiya, ciki bisa."

Daga ranar ya kafa wata al'ada. Da safe a kawo masa kunu, a zuba masa ƙwayar abincin kifi a tafin hagu. Ya jefa, ƙurungun ya fito ya ɗauka, shi kuma ya kurɓa. Haka da rana, haka da yamma. Kifi ya ci, Baba ya ci, a ba shi magani. Da azumi ya kama, likita ya ce shi kada ya ɗauka saboda maganin, to shi da ƙurungunsa su ne marasa azumin gidan. Ya fara cikowa, har ana tayar da shi ya taka zuwa bakin ƙofa.

Cikin goman ƙarshe, wata rana bayan azahar, Hajiya ta kira ni a waya.

"Kulu, don Allah ki zo yanzu. Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, kifin duk sun taso sama suna haki. Ƙurungun ya ƙi cin abinci tun jiya, Baba ma ya ƙi. Ko kunu bai karɓa ba, balle magani."

Na tambaye ta ko wuta ta yanke wa injin. Ta ce a'a, yana ta aiki. Na ce ko wani ya buɗe duron. Ta ce ba ta sani ba, ita tana wurin aiki, amma dai falon sai ƙamshi yake. Da na ji ƙamshi ban ƙara tambaya ba. Na buɗe matatata ta gida, na kwashe rabin tsingaron ciki, na zuba a bokiti da ruwan akwatina ya rufe su, don in suka bushe ko suka yi zafi irin ya mutu. Na ɗauki sabon soso da gawayi, na lulluɓe bokitin da jiƙaƙƙen buhu, na tari keke zuwa Gesse. Duk ramin da muka faɗa sai na roƙi mai keken ya yi a hankali, har ya tambaye ni ko jariri ne a ciki.

Na tarar da abin yadda ta faɗa. Wasu ƙarfasan sun riga sun mutu. Ƙurungun yana saman ruwa, bakinsa a buɗe, gashin bakinsa ya langaɓe. Baba Manu yana gabansa, kofin kunu a gefe ya yi sanyi har ya kama fata. Na sunkuya na shinshina ruwan. Ruwan akwati mai lafiya warin ƙasar da aka yi wa yayyafi yake. Wannan turare yake da sabulu.

Inna Ige ta ja ni wajen madafa. Da fara'arta ma ta fara.

"Kulu, ke ba ki ga abin da nig gani cikin duron nan ba. Ƙazanta, santsi, ko kwata ba ta kai shi ba. Ga Salla ta taho, 'yan uwa za su zaka dag Argungu, su iske muna kiwon kihin Malam cikin wagga ƙazanta? Mi za su ce da ni?"

Ta lissafa mini aikin da ta sha, da azumi a bakinta. Ta rufe tiyo yadda ta ga ina yi, ta kwance zoben, ta fito da komai. Ta dirje tsingaron da toka da garin sabulu, ta bi su da tafasasshen ruwa, ta shanya su a rana har suka yi ja kamar yau aka gasa su. Duron kuma ta kifa shi a kan garwashi ta turara shi, ta jefa masa saiwar jema, daidai yadda ake yi wa randar gidan da ake girmamawa. Mace ce mai lura, yadda na jera kayan haka ta mayar, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Da ruwan ya fara fari bayan kwana biyu, sai ta jefa alif, dutsen nan da muke sa wa ruwan gulbi don laka ta kwanta. Duk abin da ta yi, abin da uwata ke yi wa randarmu ne, kuma a randa daidai ne.

A nan ne sana'a ke wuce huda roba. Tsohuwa ce, sa'ar uwata, ta wahala don mutuncin mijinta. Ba a ce wa irinta ta yi ɓarna. Na nemi wuri na zauna ƙasa da ita.

"Inna, sannu da aiki. Wallahi ko ni ban iya mai da kayan nan daidai haka. In tambaye ki mana. In Bahillata ta tatso madara tana son ta kwana ta zama nono, mi za ta zuba ciki?"

"Ɗan tsohon nono mana. Wa bai san wanga ba?"

"In ta rasa shi hwa? Ta wanke ƙwarya tas da sabulu, ba ta bar komi ba?"

"Sai madara ta lalace." Ta dubi bokitin da na shigo da shi, na ɗaga buhun ta ga tsingaron, da santsinsu mai ruwan ƙasa. "Kina nuhin ƙazantar nan ita ta tsohon nonon?"

"Ita ta, Inna."

Ta kama bakin mayafinta ta riƙe. Can ta ce, "To Malam ya sani?"

Ba sai da na amsa ba. Muryarsa ta taso daga falo, a hankali, kalma bayan kalma.

"Kulu! Ki bar ɓoye mata. Tun shekaranjiya nij ji turare cikin ruwa. Ige ta wanke gulbi."

Muka fito. Ya dube ta da gefen ido.

"Tun tana amarya taka wanki. Ta wanke taru, ta wanke jirgi, ta wanke ni. Yau ta kai ga gulbi."

"Ka ji shi!" in ji Inna. "Da ban wanke ka ba wa zai zamna kusa da kai, da ƙarnin kihi?"

Na ɗaura ɗankwali na kama aiki. Na kashe inji, na rufe tiyo. Abu na farko a rage ruwan akwatin, a fitar da fiye da rabi. A ranar da ba azumi da baki nake zuƙo tiyo, yadda masu mai ke yi, amma mai azumi ba ta wasa da wannan, kurɓi ɗaya ya wuce maƙogwaro an gama. Sai na cika tiyon da buta, na toshe bakinsa biyu da manyan yatsu, na tsoma ɗaya a akwati na saki ɗaya a bokiti, ruwa ya kama gangara. Ruwan tankin sama ba ya taɓuwa a irin wannan lokaci, rana ta dafa shi. Allah ya taimaka akwai duron ruwan burtsatse a inuwar zaure, da shi na riƙa cikawa kaɗan kaɗan don kada sanyinsa ya buge su. Soson da katifar da gawayin duk na zubar, sun sha sabulu. Duron na ɗauraye shi har sai da hancina ya daina jin hayaƙi. Jajayen tsingaron Inna na ɗauraye su su ma, na mayar da wasu a ƙasa, na juye nawa masu santsi a kansu. Na cika duron da buta ta sama don iska ta fita, na ɗaure zobe, na tayar da inji. Ya yi gurnani, ya tofar da kumfa, ya daidaita. Tiyon da ke mayar da ruwa na ɗaga shi sama da fuskar ruwan don ya riƙa zubowa yana shigar da iska.

Baba Manu yana kallon komai. Da ya ga haka ya ce bai isa ba.

"Ige, ɗauko ƙwarya. Ki ɗiba ki zubo dag bisa, awa yadda muka yi ma kihin da munka aje cikin kwatanniya."

Gaskiyarsa. Haka masunta ke raya kifi har a kai kasuwa. Inna ta jawo kujera 'yar tsugune, ta ɗauko ƙaramar ƙwarya, ta riƙa ɗiba tana zubowa daga sama. Hajiya ta ce ta kawo ta karɓe ta, ta ƙi. Tun la'asar take yi, hannu ɗaya ya gaji ta sauya ɗaya.

Hajiya ta ja ni gefe ta rage murya. Ta ce ko a aika Argungu a kawo wani ƙurungun a musanya ba tare da ya sani ba, don ita dai ya ci abinci. Na ce mata mutumin da ya ji turare cikin ruwa daga kujerarsa ba za a musanya masa kifi ba, kuma in ya gane, ba zai ƙara yarda da abin da ke cikin gilashin nan ba. Ta bari.

Saura magana mai wuya. Na durƙusa gabansa.

"Baba, kihin ga ba za a ba shi komi ba yau. Abinci zai ƙara ɓata ruwan. Shi ya ɗauki azumi, kai kuwa an ɗauke maka. Ka sha kunu ko kaɗan ne, a samu a ba ka magani."

"Shi yac ci, in ci."

"Baba, don Allah."

"Ɗiyata, kin yi aikinki. Bar min nawa."

Ban ƙara ba. Wanda ya yi shekaru yana jiran kifi a bakin ruwa ba a gajiyar da shi da magana. Dab da magariba ƙurungun ya bar saman ruwa ya sauka tsakiya, yana hakin amma ba kamar da ba. Ban ce musu ya tsira ba, don ban sani ba tukuna. Na ce dai kada a kashe inji, kada a jefa komai. Aka kira salla, muka sha ruwa tare, Baba ya karɓi kurɓin ruwa kawai. Kafin in fita Inna ta riƙo hannuna a zaure.

"To ni yanzu mi za ni wankewa?"

"Gilashin ta waje, Inna, duk sanda hannunki yay yi ƙaiƙayi. Na ciki kuwa in lokaci ya yi tare za mu yi."

Ku ma abin da zan faɗa muku ke nan, ku riƙe shi. Matata ba a wanke ta, ɗauraye ta ake. Ki ɗebi ruwan akwatin a roba, ki matse soson a ciki, ki girgiza tsingaron sama sama, ki mayar da su da santsinsu. Ba sabulu, ba ruwan zafi, ba rana. Kuma idan kin girka wa mutane akwati, kada ki tsaya ga wanda ya kira ki kawai. Ki nemi wadda ke wankin gidan, ki zauna da ita, ki buɗe duron ta gani da idonta tun kafin Salla ta matso.

Washegari ina idar da sallar asuba na sa hijabi na fita. Keke bai fara yawa ba, babur ɗin kabu-kabu na hau har Gesse. Na tarar da Inna a kan kujerarta, ƙwaryar a cinya, Baba kuma an riga an zaunar da shi. Ruwan bai washe duka ba, amma ana hango bayan akwatin. Na sunkuya na shinshina, turaren ya tafi. Na duba saman ruwa ban ga ƙurungun ba, na duba ƙasa ban gan shi ba. Sai da na durƙusa na leƙa wuyan tulun. Yana ciki, ciki bisa, gashin bakinsa yana lalube.

Na buɗe gwangwanin abincin na ɗauki ƙwaya ɗaya tak. Ban ba Baba ba, na sa wa Inna a hannu, ita ta sa masa a tafin hagu. Ya jefa. Ƙwayar ta yi ta yawo a saman ruwa, ta jiƙa, ta fara nutsewa. Sai ga tsagaggiyar jelar ta motsa, ya fito, ya zagaye ta sau ɗaya, ya haɗiye, ya koma tulunsa.

Baba Manu ya gyara zama.

"Ige, ina kunun? Kuma kar ki turara shi."

Na bar su tana mayar masa da magana tana dama kunu. Daga nan ban koma gida kai tsaye ba, na wuce wurin masu tukwane na ɗauko fasassu cike da buhu. Matatata ta gida rabinta wofi ne, kifina su ma suna jira. Na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na ɗauko guduma, na zauna ina fasa su daidai girman goro kafin rana ta yi zafi.